Shekarar da Baƙin Ruwa Ya Janye

Na san abin da ake gaya muku idan na ba da baya. Ana cewa ni na matsa wa ƙanena Haruna har ya bar garin nan don in zauna a kan sarautar ruwa ni kaɗai, kuma wai baƙin cikin haka ne ya sa mahaifinmu ya bi shi. Wasunku sun ji wannan a bakin iyayensu mata, wasu a bakin tafki, ni kuwa ban taɓa tanka wa kowa ba. Amma kwanan baya ina zaune a zaure na ji rediyo tana ba da labarin wata ƙasa mai nisa inda teku ya taso ya share garuruwa, abin da masu boko ke kira sunami, sai na ji tsohon miki ya motsa. Waɗanda suka ga abin da ya faru tsakanina da Haruna da idonsu duk sun riga ni tafiya. In ban faɗa ba, ƙaryar ce za ta zama tarihin gidan nan. Saboda haka ku saurara, kuma kada wanda ya sa ran zan wanke kaina daga kishi. Na yi kishin Haruna, ina yi har gobe, amma kishi daban, kora daban.

Tungarmu, kamar yadda kuka sani, tana tsakanin Kebbe da Fakku, kuma a zamanin Turawa ba mu da wani arziki da ya wuce Baƙin Ruwa. Tafki ne da gulbi ke cikawa da damina idan ya yi ambaliya, ya zubo kifi a ciki, sannan ya koma hanyarsa. Aikin gidanmu shi ne mu datse bakin tafkin da turaku da ciyawa da laka kafin ruwan ya bi gulbi ya tafi, mu tsare shi duk tsawon rani kada kowa ya jefa ko ƙugiya, har ranar da Sarkin Ruwa zai tsaya da zagonsa, wato mashin nan na sukar kifi da ke rataye a ɗakina, ya ce an buɗe. Ranar nan gari duka ake shiga su, maza da homa, wato ragar kamun kifi, da goran iyo, mata da ƙwarya. Kifin da aka kama a banda shi, a kai kasuwar Tambuwal a samo hatsi, da shi ake tsallake watannin da rumbu ya yi ƙasa. Mahaifinmu shi ne Sarkin Ruwa, ni ne ɗansa na fari, kuma tun ina da ƙarfin ɗaukar turke nake cikin lakar nan.

Ku na yanzu da kuke hawa cinyar ubanninku ba za ku gane abin da ake nufi da ɗan fari a gida irin namu ba. Kakarmu ta wajen uba Bafulatana ce, kunya kuwa ta shigo gidan da ƙafarta ta zauna. Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zama tabarma ɗaya da ni ba. Idan yana son in yi abu, sai ya dubi bango ya ce a gaya wa wancan ya je ya duba datsiya, alhali wancan ɗin yana tsugune a gabansa. Na san al'ada ce, na san ba ƙiyayya ba ce, kowa ya gaya mini haka har na gaji da ji. Amma al'adar nan ba ta hau kan Haruna ba. Shi ne auta, mahaifiyarmu ta rasu yana ƙarami, don haka a kafaɗar Baba ya girma. Yana jan gemunsa, yana cin tuwo a akushinsa, ni ina kallo daga bakin ƙofa da laka har gwiwa.

Da yaƙin Turawa ya yi zafi, dagaci ya aiko kowane babban gida ya ba da mutum ɗaya. Baba ya yi kwanaki bai ci abincin kirki ba, daga baya ya ba da Haruna. Mutane suka ce ya zaɓe ni. Ni na san lissafin da ya yi: in aka ɗauke ni ba mai datse tafki. An bar ni ne kamar yadda ake barin sa mai huɗa idan za a kai dabba kasuwa. Shekarun da Haruna ya yi a fagen yaƙi a ƙasar Bama, ni na riƙe aikin nan gaba ɗaya, domin ƙafafun Baba sun fara ciwo. Ni ke korar ɓarayin kifi, ni ke rigima da makiyaya a kan mashaya, ni ke shiga ruwa in sanyi ya yi tsanani. Ba shekarar da kifi ya ragu a hannuna. A raina na riga na yi imani cewa ko da Baba ba zai faɗa da baki ba, ya gani.

Sai ga Haruna ya dawo bayan an gama girbi, da takalmin soja da akwatin ƙarfe, ya rame, idonsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Na yi murna, Allah ya sani, ɗan'uwana ne. Amma murnar ba ta yi nisa ba. Kullum bayan la'asar sai a shimfiɗa tabarma a gindin tsamiyar ƙofar gida, gari ya taru. Sauran waɗanda suka dawo daga yaƙi labarin bindiga da daji suke bayarwa, shi kuwa Haruna ba ya son a taɓo wannan. Labarin teku yake yi. Ya ce ruwa ne wanda ba a ganin ƙarshensa, mai gishirin da ba ya shayuwa. Ya ce sau biyu kowace rana yana cika ya hau gaɓa, sannan ya sauka, kuma wata ne ke jan sa, shi ya sa cikarsa ta fi yawa a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Ya ce akwai wuraren da ruwan ke komawa ciki da gudu ta wata siririyar hanya, in ta kama mutum ya yi gardama da ita sai ya gaji ya nutse, dabarar ita ce ka yi iyo a karkace ka fita daga cikinta. Ya ce guguwa takan turo ruwan gabanta ya cinye gonakin shinkafa, ƙasar ta yi gishiri ta daina haihuwa.

Baba fa, mutumin da ya yi rayuwarsa duka a kan ruwa, wanda masunta daga nesa ke zuwa neman shawararsa, sai ga shi ya zama ɗalibi. Yana tambaya, yana sake tambaya, yana gyaɗa kai. A duk shekarun da na yi a ƙarƙashinsa bai taɓa tambayata ko da abu ɗaya game da ruwa ba, ni da na san kowane rami a Baƙin Ruwa kamar tafin hannuna. Hausawa sun ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum.

Labari ɗaya ne ya fi kowane kama mutane. Haruna ya ce bayan an gama yaƙi an ajiye su kusa da wani ƙauyen masunta a bakin tekun ƙasar Hindu, suna jiran jirgin da zai kawo su gida. Ga yadda yake faɗa, domin na ji shi har na haddace ba da sona ba:

"Baba, ba hadari, ba iska, gari tas. Sai munka ga ruwa ya ja baya awa an buɗe mai ƙofa ta ƙasa. Wurin da jiragen kamun kifi ka yawo jiya, yau ga shi laka, kifi na ta tsalle bisa. Mata da yara sunka ɗauko kwanduna sunka ruga ciki suna dariya. Ni ma da na sauka, sajanmu yah hana. Ba a daɗe ba munka ji ƙara. Ba igiya ta ba irin wadda anka saba, Baba, tekun na duka yat taso shina tahowa. Wanda yak kuɓuta ga na farko yas sauko neman ɗiyanai, na biyu yaz zo ya fi na farko."

Ya ce daga baya wani likitan soja ɗan ƙasar ya yi musu bayani da daro cike da ruwa. Wai ƙasar da ke ƙarƙashin teku ce ke tsagewa, wani ɓangare ya ɗaga wani ya faɗa, sai duk ruwan da ke kanta ya girgiza tun daga ƙasa har sama. A tsakiyar teku inda ke da zurfi abin yana gudu ƙwarai amma ba shi da tudu, har jirgi ya wuce ta kansa ba a sani ba. Sai ya iso inda ba zurfi, gabansa ya rage gudu, bayansa ya hau kansa, ya tashi kamar bango. Janyewar nan kuwa, kwarin igiyar ne ya riga tudunta isowa. Duk wanda ya ga teku ya janye haka, ko ya ji ƙasa ta motsa yana bakin gaɓa, kada ya tsaya kallo, ya nemi tudu, kuma kada ya sauko don na farko ya wuce.

Baba ya sa aka kawo babbar ƙwarya aka cika ta da ruwa. Na ga Sarkin Ruwa da furfurarsa ya durƙusa a ƙasa yana bugun gindin ƙwarya da tafin hannu, yana kallon ruwan na gudu gefe ya dawo ya fantsamo, suna dariya shi da Haruna kai da kai. Na tashi na bar wurin. Na je wajen Gwaggo Ige, yayar Baba, ita kaɗai ce a gidan kunya ba ta hana ta kiran sunana ba. Na ce mata kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: ni da laka, shi da tabarma. Na ce ina jin Baba zai ba shi zago. Ta dube ni tana kaɗa zarenta ta yi mini tsiya, ta ce ƙato da mata da ɗiya yana kishin yaron da aka dawo da shi rabi. Ta ce in buɗe ido in ga yadda hannun Haruna ke rawa idan ya gama labarin nan. Na gani, amma a lokacin ban ɗauke shi bakin komai ba, abin da nake gani shi ne hannun Baba a kafaɗarsa.

Labarin ya zaga ko'ina. A kasuwar Kebbe ana nuna shi, yara suna wasan teku a rairayi, wani ya yi ihu sauran su ruga kan juji. Ba wanda bai san cewa idan ruwa ya janye mutuwa ce ke biye ba.

Ana saura 'yan kwanaki a buɗe su, zafi ya fara, wani garken shanu da ke wucewa kudu ya bi ta kan datsiyarmu maimakon ya zagaya ta mashaya. Suka tattake ta, laka ta tsage, ruwa ya sami hanya zuwa busasshen gulbi. Da hantsi da na iso, tafkin ya sauka sosai, faffaɗan fili na laka ya fito, tarwaɗa da karfasa da kurungu suna ta birgima a kai. Wannan ba sabon abu ba ne, ya taɓa faruwa a zamanin kakanmu, kuma an san abin yi. Sarkin Ruwa ya buɗe su nan take, mata da yara su kwashe na kan laka kafin rana ta kashe su, maza su taru su toshe ɓarakar. In an yi hanzari ba a rasa komai sai ɗan ruwa. Na tura aka kira Baba, na sa aka buga ganga, na shiga ɓarakar ni da maza kaɗan muna kafa turaku. Gari ya ɓarke, mata suka zubo da ƙorai, yara na tsalle cikin laka suna ihun murna.

Baba ya iso yana dogara zagonsa, Haruna na riƙe da hannunsa. Ina cikin ruwa har ƙirji amma ina ganinsu sarai. Haruna ya tsaya a bakin gaɓa ya dubi lakar nan, ya dubi kifi, ya dubi yaran. Sai fuskarsa ta canza, ya saki hannun Baba ya diro cikin laka yana kururuwa da wata murya da ban san yana da ita ba. Yana cewa a hau tudu, ruwa na dawowa. Ya fizgi yara biyu ya saɓa, ya ture ƙwaryar wata tsohuwa, yana dukan mutane da hularsa yana kora su. Da wani ne da an yi dariya. Amma wannan Haruna ne, wanda ya gani da idonsa, wanda aka yi wata da watanni ana saurare. Wata mata ta yi kuwwa, shi ke nan. Aka watsar da ƙorai aka yi tudun makabarta da gudu, har mazan da ke taya ni suka saki turaku suka fice.

Na yi ihu har maƙogwarona ya dushe. Na ce shanu ne suka fasa datsiya, ga ɓarakar nan ina tsaye a ciki, ruwa gangara yake yi zuwa gulbi, ba inda zai dawo. Ba wanda ya waiwayo. Mutum ɗaya ne zai iya tsayar da su da kalma ɗaya, kuma yana nan tsaye a gaɓa. Baba ya san abin da ya faru fiye da ni, ya ga sawun shanu, ya ga inda ruwa ke bi. Ran nan na karya kunya, na dube shi ido cikin ido na ce:

"Baba, ka yi magana. Ka san abin ga ba teku na ba. Ka ɗaga zago su dawo."

Ya dube ni, kuma ina jin wannan ne karo na farko da ya dube ni sosai. Sannan ya dubi Haruna, wanda ya dawo da gudu yana jan rigarsa yana kuka kamar yaro, yana cewa Baba taho, Baba na biyun ya fi na farko. Baba ya kama hannunsa ya ce masa:

"To, Haruna. Mu tai. Ga ni nan tare da kai."

Suka juya suka hau tudu, ya bar ni a cikin ɓaraka.

Ni kaɗai ba zan iya toshe ta ba. Duk turken da na kafa ruwa ya tumɓuke shi, ɓarakar tana ƙara faɗi, manyan kifi suna bugun ƙafafuna suna wucewa su je su mutu a yashin gulbi. Gari kuwa yana zaune a kan tudu cikin rana, ana salati, ana jiran teku ya zo Kebbe. Duk wanda ya yunƙura zai sauka sai Haruna ya tare shi, kuma ganin Sarkin Ruwa da kansa yana zaune, wa zai ce ya fi shi sani? Sai bayan azahar yunwa da ƙishirwa suka sauko da su. Kafin nan shirwa da ungulu da zalɓe sun yi bikinsu, abin da suka bari rana ta dafa shi ya fara wari. Abin da aka tsinta bai kai a kunna wutar banda ba. Daminar da ta biyo, gidaje da yawa sun ci tafasa da rama ba hatsi, wasu suka sayar da awakinsu, kuma ni aka riƙa gaisarwa da harara domin ni ne mai tsaron datsiya.

Mutanen da suka ɗaga Haruna su suka kayar da shi. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, haka dattawa suka ce don a yi masa uzuri, amma mai jin yunwa ba ya jin karin magana. Aka laƙaba masa Teku. In ya wuce sai yara su yi ihu su ruga kan juji. Ya daina fita, tabarmar gindin tsamiya ta naɗe. Ga inda masu magana ke cewa ni na zuga yaran. Ban zuga kowa ba, har na taɓa zane ɗan maƙwabcinmu a kan haka. Amma ba zan ce muku na yi baƙin ciki da aka daina taruwa ba. Na ce a raina yanzu dai kowa ya ga wanda ya san ruwan garin nan, Baba ma ya gani. Na zauna ina jira ya aiko a gaya wa wancan cewa gaskiyarsa ce. Abin da na gani shi ne Baba ya kwashe shimfiɗarsa ya koma ɗakin Haruna.

Da kaka ta yi, Haruna ya same ni a gona ya ce zai tafi Ikko, wani abokinsa na soja ya ce ana ɗaukar masu dako a bakin jirgin ruwa. Na ce masa wanda teku ya firgita shi ne zai koma bakin teku? Ya ce:

"Yaya, can in na ce a gudu, da dalili. Nan ko ni mahaukaci na."

Na ce ya zauna, magana za ta mutu. Na faɗa sau ɗaya, ban maimaita ba, kuma shi ma bai jira in maimaita ba.

Bayan kwana kaɗan Baba ya tara dattawa da wakilin dagaci a zaure. Ya ce ƙafafunsa sun gaza, ya ajiye zago a gaban liman ya ce a miƙa wa wancan. Aka miƙo mini, aka yi addu'a, aka shafa. Abin da na yi shekaru ina tsoron a ba wani ga shi a hannuna, ba gardama. Ban gama jin nauyinsa ba sai na ji Baba yana gaya wa dattawa cewa su yafe masa, zai raka Haruna, yana so ya ga ruwan nan da ake faɗa kafin ya mutu. Liman ya yi magana, Gwaggo ta yi kuka ta ce tsufa ya taɓa shi, bai saurari kowa ba.

Na same shi yana ɗaure kayansa a buzu. Na tsuguna a bakin ƙofa inda na saba, na ce ni fa, wa ya bar ni da shi? Na ce ni na tsaya, ni na yi gaskiya ran nan, Haruna ne ya jawo wa gari yunwa, amma shi za a bi. Bai juyo ba. Ya yi wa buzun magana, kamar yadda ya saba yi wa bango:

"Wanda ya iya iyo ba a miƙa mai gora. Ni nib ba da yaron ga da hannuna, lafiya lau, anka maido min shi haka. Wancan ya riƙe gari."

Yabo ke nan, in kuna son ku kira shi yabo, kuma shi ne kaɗai na samu. Na raka su har Tambuwal inda za su hau motar gyaɗa zuwa Gusau su kama jirgin ƙasa. Ni na ɗauki kayan Baba a kaina duk hanya, shi yana gaba yana dogara kafaɗar Haruna suna hira. To ku gaya mini, a cikinmu wa aka kora?

Shekaru suka wuce. Fatake masu kawo goro su ke kawo mana labari. Sun ce Baba da Haruna suna zaune a wata unguwar masunta a kan yashi bayan Ikko, Haruna na dako, Baba kuwa kullum sai a shimfiɗa masa tabarma a bakin gaɓa ya wuni yana kallon cika da sauka, har ya iya faɗin lokacin da ruwa zai juyo kafin 'yan garin su faɗa. Duk labarin da ya zo sai in kwana biyu ba na jin daɗin tuwo. Daga baya wani ya kawo labarin rasuwar Baba, bayan an daɗe da yin sadakar arba'in. Haruna ne ya yi jinyarsa, shi ya ji maganarsa ta ƙarshe, shi ya yi masa wanka, shi ya sa shi a kabari. Ni na karɓi gaisuwa a zaure da zago a jingine.

Ban sami tafiya ba sai dab da tashin Turawa, domin tafki ba ya barin mai shi. Na bar aikin a hannun ɗana Sani, babanku, na tafi don in tsaya a kan kabarin ubana in yi masa addu'a, ko ba komai wannan dai ba wanda zai riga ni cinye shi. Haruna ya tarbe ni, ya yi ƙiba, ya yi iyali, hannunsa ya daina rawa. Washegari da safe na ce ya kai ni makabarta. Sai ya ce in biyo shi. Muka ratsa bukkoki muka fito kan yashi, na ga tekun da ya raba ni da ubana. Ba zan ɓata bakina wajen kwatanta shi ba, yana da girma. Muka tsaya inda kumfa ke taɓa ƙafa. Na ce ina makabartar? Ya ce ruwan nan ba kullum yake zuwa da ƙara ba, wani lokaci a hankali yake ci. Kowace damina igiya na kwashe yashin gaɓa ta tafi da shi gabas, ba ta maidowa. Ta ci itatuwan kwakwa, ta ci masallacinsu na farko, shekara biyu da suka wuce ta ci makabarta a cikin guguwa ɗaya. Ya ɗaga hannu ya nuna can cikin ruwa, bayan inda igiya ke karyewa.

"Ga shi can, Yaya. Daidai inda jirgin can ka wucewa, ɗan dama kaɗan."

Na duba, ruwa ne kawai, ko'ina iri ɗaya. Haruna ya ɗaga hannuwansa ya fara addu'a, idonsa a tsaye cak a wuri ɗaya, domin shi ya san wurin. Ni Sarkin Ruwa, ɗan fari, sai da na riƙa satar kallon fuskar ƙanena don in san inda zan fuskanta.